Daren da Aka Raba 'Yan Biyu a Hanyar Lokoja

A watan Yuni na 2017, ana tsakiyar azumi, ruwan sama ya karya gadar Tatabu da ke tsakanin Jebba da Mokwa a Jihar Neja. Wanda bai taɓa zaman Legas ba zai ɗauka ƙaramin labari ne. Mu mazauna Agege mun san ta nan shanu da tumatir da albasa suke gangarowa kudu, ta nan kuma mutumin Katsina ko Zamfara ko Sakkwato yake bi in zai je ganin gida. Shugaba Buhari yana Landan yana jinya a lokacin, Mukaddashinsa Yemi Osinbajo ne ya je ya duba wurin, aka yi alkawarin gyara. Kafin gyaran ya samu, manyan motoci suka karkata hanyar Lokoja, wadda dama can a cike take da nata motocin. Ana cikin wannan hali aka ɗora mini raka yayata gida Funtuwa yin Ƙaramar Sallah, ita da jariranta biyu.

Haihuwarta ta fari ce, kuma bisa al'ada gida ya kamata ta je goyon ciki, ta haihu a ɗakin Inna, ta yi wankan jego a gabanta. Da hoton ciki ya nuna biyu ne, likita ya hana ta doguwar tafiya, aka yi mata aiki a Legas aka ciro maza biyu. Inna ta so zuwa, ciwon ƙafa ya hana ta, sai wata gwaggonmu ce ta zo ta zauna da ita har arba'in ta koma. Har yaran suka kai wata huɗu mahaifinmu Malam da Inna ba su san su ba sai a hoton waya. Duk sanda aka kira gida maganar Inna ɗaya ce: "Ko sai sun yi gemu za a kawo mini su?" Mijin yayata kuwa tela ne, kuma ba a ce wa tela ya tashi daga kan keke a goman ƙarshe na azumi. Ɗinkin mutane ya kusa taɓa rufin shago. Ni ne autan gidanmu, ina zaune wurinsu ina taya shi guga da sa maɓalli kafin sakamakon jarrabawa ya fito. Ba a ma tambaye ni ba, sanar da ni aka yi.

An taɓo maganar jirgin sama aka bar ta nan take. Kuɗin kujera biyu a makon Sallah ya fi ƙarfin tela, kuma ko an sauka Kano ko Kaduna sai an sake neman mota. A lokacin jirgin ƙasan Legas zuwa Kano kan ci fiye da awa 30, shi ma ta Jebba da Mokwa yake bi. Sai muka sayi kujera uku a doguwar bas, biyu namu, ɗaya ta shimfiɗar yara. Tsaraba ta shiga but: burodin Agege, man ja, garin kwaki, atamfar Inna, da babbar rigar Malam wadda surukinsa ya yi wa aiki da hannunsa. Jaka biyu ne muka riƙe a jikinmu. Ta hannunta tana ɗauke da gwangwanin madarar jarirai da fida da filas na ruwan zafi, don nononta ba ya isar su duka in dare ya yi. Tawa, baƙa mai ratayawa a baya, ita ce mai famfas da tsummoki da katin asibiti, da wayarta da ke caji a jikin fawa-bank. Mai karatu ya riƙe wannan rabon kaya, zai yi amfani a gaba.

Yaran kamarsu ɗaya, har ubansu sai ya duba wuyan hannu yake gane su. Gwaggo ce ta ɗaura musu zare kafin ta tafi, ja na Hassan, baƙi na Husaini. Yayata ba ta duba zare, ba ta kuma kiran sunansu saboda kunyar ɗan fari. Da yake ba ta san yadda za ta ji kunyar ɗaya ta bar ɗaya ba, sai ta haɗa su duka, tana cewa Babba da Ƙarami. Da asubar tafiya 'yar maƙwabtanmu ce ta yi musu wanka ta shirya su, mu muna fama da kaya. Aka miƙo mini mai baƙin zare, aka ce ni ne mai Husaini har Funtuwa.

Kafin mu wuce Shagamu duk motar ta san garinmu da watannin yaran da dalilin da ya hana ubansu zuwa. Wata tsohuwa 'yar Gusau ta ja mini kunne kada in kuskura in yi wa ɗaya wasa in bar ɗaya, wai 'yan biyu ba sa yafe bambanci, sai su turo wa mutum kunama ko su hana tukunyarsa tafasa. Wani matashi mai ɗangalallen wando ya ce camfi ne, babu shi a addini. Suka yi ta yi har Ibadan, ita tana kawo misalan gidajen da ta sani, shi yana neman hujja. Da muka tsaya shan mai, masu talla suka hango yaran ta taga, sai shewa. Yarabawa suna cikin al'ummomin da suka fi kowa haihuwar tagwaye a duniya, garin Igbo-Ora na Jihar Oyo har tutiya yake yi da haka, kuma uwar tagwaye tana da wani matsayi a wurinsu. Wata mai lemo ta turo guda biyu ta taga, na miƙa kuɗi ta harare ni. Rabin motar suna azumi duk da rangwamen matafiyi. Yayata ba ta yi, don Malam ya riga ya gaya mata ta waya cewa mai shayarwa in ta ji wa yaro tsoro sai ta sha, ta rama daga baya, ta kuma ciyar.

Abin da na fahimta tun kafin Ile-Ife shi ne uwar 'yan biyu ba ta da hannu. In tana ba ɗaya nono, ɗayan yana wurin wani. In za ta sha ruwa sai an fasa mata leda. In za ta kewaya sai ta bar ɗaya ko duka biyun ga mutanen da ko sunansu ba ta sani ba. Yayata mace ce mai tsantseni, a Agege ba kowace maƙwabciya take ba ɗanta ba. Kafin Akure na ga ta miƙa wa tsohuwar Gusau yaro ba tare da ta ɗago kai ba, tana gyara wa ɗayan kwanciya.

Mun wuce Owo da la'asar, muka shiga duwatsun ƙasar Igbira hadari yana bin mu. A Okene aka sha ruwa a tsaitsaye. Ba mu yi nisa da garin ba motar ta fara wani irin ƙara, ta yi tari, direba ya gangara gefe. Yaron mota ya shiga ƙarƙashi da tocila ya fito, suka yi ƙus-ƙus, sannan aka ce inji ya buga. Wurin daji ne, kuma hanyar Okene zuwa Lokoja ba ta da kyakkyawan suna da dare. Direba ya yi ta buga waya, can ya ce za a yi mana juye, ƙananan bas-bas na tafe daga Okene su kwashe mu.

Ta farko ta iso tare da ruwan sama. Aka ce mata da yara tukuna, amma wa zai tsaya bin layi a daji cikin duhu? Aka tura yayata ciki da yaro ɗaya a ƙirji da jakarta a hammata. Ni ina bayanta da mai baƙin zare cikin rigar sanyina, sai yaron mota ya ɗaga murya cewa kowa ya zo ya nuna kayansa a but, wanda bai nuna ba nan za a bar su. Na juya na nuna namu. Kafin in dawo an cika, an ja ƙofa. Na buga gilashi, ina jin muryarta a ciki tana cewa a tsaya akwai ɗanta. Direban ya leƙo ya ce, "Ta bayanku na nan tafe, ku same mu a Nataco a Lokoja, awa ɗaya ce." Ya ja mota.

Bai yi ƙarya ba, ta biyun ta zo ba da daɗewa ba, kuma a ranar da hanya take lafiya tafiyar ba ta wuce yadda ya faɗa. Mun yi kamar rabinta sai muka tarar da jajayen fitilu jere iya ganin ido. Wata tirela ce ta faɗi ta gindaya titi, bayan motar su yayata ta wuce da kaɗan. Da a ce motocin da suka saba bi ne kawai, da an lallaɓa ta gefe. Amma ga tirelolin Mokwa duk sun dawo nan, ga masu gaggawa sun bi hannun da ba nasu ba sun toshe shi, har janwen da zai ɗaga ta ya rasa ta inda zai shigo. Direbanmu ya kashe mota ya kwantar da kujera. Na ciro wayata na kira yayata, sai na ji wayarta tana ƙara a bayana.

Jariri ɗan wata huɗu ba ya wuce awa biyu zuwa uku bai nemi nono ba, kuma rabon wannan da sha tun kafin Okene. Ya fara da ƙananan koke-koke. Na jijjiga, na saɓa a kafaɗa, na ari lema na fita da shi ina kai da kawo tsakanin tireloli. Can ya buɗe murya gaba ɗaya, yana cusa baki a ƙirjina yana lalube. Jakata cike take da famfas, ko cokalin madara babu. Shawarwari suka fara zuwa ta ko'ina. Direba ya ce a jiƙa sukari a ruwan leda. Wani ya ciro kwalbar zumar da yake buɗa baki da ita. Wani ya ce a tauna dabino a ɗiga masa, wani ya tafi neman mai shayi ko za a sami madarar gwangwani. Ni na raka yayata rigakafi, na ji da kunnena ma'aikaciyar jinya tana cewa kafin wata shida ba a ba yaro komai sai nono ko madarar da aka yi domin jarirai, zuma kuwa sai ya cika shekara. Na ƙi. Mai zumar ya ji haushi ya ce, "Yaro, mu da aka ba mu rubutu ranar da aka haife mu, mutuwa muka yi?" Wajen sha biyun dare muryar yaron ta dishe, kukan ya koma wani siririn abu mai yankewa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro a kan ihun farko.

A kujerar baya akwai wata mata da mijinta, tun Agege muke tare ban ji muryarta ba. Mutanen wani ƙauye ne kusa da Madarunfa a jihar Maraɗi, mijin mai shayi ne a Legas, su ma gida za su Sallah. Tana rungume da 'yarta mai kamar wata takwas. Na ga ta sunkuya ta yi masa magana a kunne, ya yi shiru. Ta sake. Sannan ya gyara murya ya ce, "Samari, uwar ɗiyata ta ce in kun yarda a miƙo yaron."

Har na yunƙura, sai wani dattijo da ke gefena ya dafa mini gwiwa. Ɗan kasuwar goro ne daga Shagamu, Basakkwace, tun da muka tsaya carbi kawai yake ja.

"Ɗana, kai mene ne ga yaron nan?"

"Kawunsa ne, Baba."

"To kawu ba ya yanke wannan shi kaɗai. Nonon nan in ya shiga cikinsa, baiwar Allah nan ta zama uwarsa har abada, mijinta ya zama ubansa, yarinyar nan ta zama yayarsa. Ba irin taimakon da ake godiya a rabu a tasha ba ne. A nemi iyayensa."

Wasu suka fara gunaguni, yaro na neman shiɗewa ana karatu. Matar da kanta ce ta ce gaskiyar Baba ce, ita ma ba ta so uwar yaro ta ji daga baya ranta ya ɓaci. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, sai da na miƙa wa dattijon yaron na hau jikin wata tirela kafin kira ya shiga. Ashe mijin yayata ya daɗe yana nemana. Ta sauka a Nataco, ta ari wayar wani mai shayi, kuma lambar da ta haddace a duniya tasa ce kaɗai. Haka tela a Agege, ƙarar keke na tashi a bayansa, ya zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ba su fi tafiyar rabin awa da juna ba. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce in tsaya inda nake. Da ya sake kira muryarsa na rawa: "Auta, ta ce ko wace ce a ba ta shi. Ni ma na yarda. Ka ce mata Allah ya saka da alheri."

"Miƙo shi nan, ƙanena," in ji ta. Ta ja hijabi ta rufe shi. Maza duk suka juya fuska waje, har direba ya kashe fitilar cikin mota. Kukan ya yanke lokaci ɗaya, aka koma jin haɗiya. Mai zumar nan, da ɗazu ya so ya cinye ni, shi ya fara cewa alhamdu lillahi.

Dattijon bai tsaya nan ba. Ya sa aka yago kwalin biskit, aka haska masa tocila, ya rubuta da ajami: sunan matar da na mijinta da ƙauyensu, sunan uban yaro da garinsa, sunan yaro, da cewa an shayar da shi a hanyar Lokoja cikin Ramadan na 1438. Ya tambaye ni sunan yaron, na duba wuyan hannu na ce Husaini. Ya sa kansa shaida, ya sa direba. Ya yi guda biyu, ɗaya ya ba ni, ɗaya ya ba mai shayin Maraɗi. Ana cikin haka 'yarta ta farka ta ga baƙo a wurinta, ta ce ba ta san zance ba. Aka miƙo mini ita. Sauran daren da ita na yi shi a kafaɗa, ina zagaya tireloli, uwar tana karɓar wannan ta miƙo wancan. Da sahur ya yi mutanen ƙauyukan kusa suka fito da dafaffiyar masara da doya da ƙwai, kuma duk wanda ya saya sai ya ce a miƙa baya, mai shayar da biyu ta fi kowa buƙata.

Na san ma'aikacin lafiya zai ɗaga gira a nan, kuma yana da hujja, don akwai cututtukan da ke bin nono, ƙanjamau na cikinsu. Mu ma ba mu yi wasa da wannan ba: washegari yayata ta tambayi matar cikin ladabi, ta ciro katin awonta na wani asibitin Legas ta nuna, bayan Sallah kuma aka kai yaron aka duba shi. Amma wanda bai riƙe jaririn da muryarsa ta dishe a daji da tsakar dare ba, ya yi a hankali wajen yanke wa waɗanda suka riƙe hukunci. Abin da na fi ganin darajarsa yanzu shi ne kwalin biskit ɗin. Mata da yawa sun shayar da 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta a gidajenmu ba wanda ya rubuta, sai an sa ranar aure wata tsohuwa ta tuna, a shiga rantse-rantse.

Daren yayata daga bakinta na ji shi. Da suka isa Nataco direban ya jira kaɗan ya ce shi zai wuce, ta ce ko taku ɗaya ba ta ƙarawa. Tsohuwar Gusau ta so sauka tare da ita, jikokinta suka hana. Ta zauna a bencin mai shayi da yaro ɗaya da madarar yaro biyu. Wata mai tuwo, Banufiya, ta shimfiɗa mata tabarma a cikin rumfa, ba ta kwanta ba. Duk bas ɗin da ta tsaya sai ta miƙe ta je ta leƙa. Ta saba kowane yaro da ɓangarensa, sai ɓangaren wanda ba ya nan ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya fara kama ta, ga lasifikan masallatai suna ta tahajjud. Lokoja dai ta saba da 'yan Arewa masu jira. Nan Turawa suka kai sarakunan da suka tuɓe, nan Sarkin Kano Alu ya rasu a 1926, nan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya rasu kafinsa. Yayata ba ta san wannan tarihin ba, kuma da na gaya mata daga baya cewa ta yi su ai da ƙafafunsu biyu da bayinsu aka kai su.

Sai da rana ta fito aka janye tirelar. Muna shiga Nataco na hango ta tsaye a bakin titi, zani a jiƙe. Ba ta kalle ni ba. Ta karɓi yaron daga hannun matar, ta sunsuni kansa, ta juya shi, sannan ta durƙusa har ƙasa a gaban matar nan da ba ta girme ta ba. Dattijon ya bari suka gama koke-kokensu, sannan ya ce a kawo takarda a karanta wa uwa ta ji. Yana zuwa kan sunan yaro ta ɗago kai.

"Baba, ai Babba ne wannan. Ƙaramin ne ya kwana wurina."

Ashe 'yar maƙwabta ta kwance zaren wajen wanka ta mayar a musanye. Yayata ta lura tun Ibadan, amma ba ta ga abin tayar da magana ba, ga kuma kunyar kama suna a gaban mutane. Dattijon ya yi salati, ya karɓi kwalayen biyu ya soke Husaini ya rubuta Hassan, ya sa aka kira direba ya sake shaidawa. Ya ce da an bar shi haka, da an haramta wa wani matar da ta halatta gare shi, an halatta wa wani 'yar'uwarsa.

Daga nan tafiyar ba ta da labari. Aka matsa wa yayata wuri kusa da matar, yara uku suna yawo a cinyoyi biyu. Muka haye gadar Murtala a Jamata, muka wuce Koton Karfe da Abaji da Gwagwalada. Direba ya yi ta sauri don ya ratsa hanyar Abuja zuwa Kaduna da sauran rana, saboda a shekarar masu garkuwa da mutane sun addabe ta. Aka sake juye a Zariya, wannan karon na riƙe gefen hijabinta har muka zauna. Da dare muka shiga Funtuwa ta Giwa.

Mutanen Maraɗi sun so su kwana a tasha su kama motar Katsina da asuba. Da labari ya kai wa Malam ta waya ya ce ba a barin uwar ɗa a tasha, ya turo mai Keke Napep biyu. Inna ta rasa wanda za ta fara ɗauka, ta zauna a tabarma aka jera mata su a cinya, tana tsokanar su da mazajenta da suka ƙi zuwa sai da ta tsufa. Bayan an ci abinci Malam ya sa aka kawo kwalin, ya sa tabarau ya karanta, ya ce Allah ya yi wa mai rubutun nan albarka. Ya tara mu ya yi bayani yadda yake yi wa almajiransa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, ko tsotso ɗaya ne ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko, zumuncin ya tabbata. Shafi'awa su suka ce sai sau biyar, kuma a yadda aka ba shi labarin daren, ko a wurinsu ma da wuya bai cika ba. Duk 'ya'yan matar, waɗanda ta haifa da waɗanda za ta haifa, 'yan'uwan Hassan ne, haka 'ya'yan mijinta ko da daga wata mace ne. Babu aure tsakaninsu, babu kuma gado. Husaini kuwa, duk da ciki ɗaya suka kwanta, abin bai shafe shi ba ko kaɗan. Sannan ya ɗauko littafin da yake rubuta haihuwa da rasuwar gidanmu a bangonsa, ya kwafe abin da ke kwalin a ƙarƙashin sunan Hassan.

Da safe, ranar jajibere, aka raka su tasha da rabin burodin Agege da atamfar da aka sayo wa Inna, ita ta ce a ba matar. Aka yi Sallah ranar Lahadi, 25 ga Yuni. Uban yaran ya iso bayan an gama yawon Sallah, idanunsa jajur.

Tun daga nan gidanmu ya sami Innar Maraɗi. Ba su koma Legas ba, mijin ya buɗe teburinsa a cikin Maraɗi. An kai mata Hassan ta hanyar Jibiya yana tatata, ita ma ta zo suna lokacin da yayata ta haifi Gambo. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya yanke zuwa, haka wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma direbobin Katsina ba su taɓa rasa hanyar isar da ƙunshin kilishi da cuku ba. Komai biyu take aikowa, hula biyu, takalmi biyu, don ita ma ta yarda da maganar kunama. Duk da haka Husaini ya taɓa yin yajin cin abinci a kan me ya sa shi ba shi da uwa a Nijar. Da aka gaya mata ta waya ta yi dariya ta ce a faɗa masa ya kwantar da hankalinsa, ɗaya ɗanta ne, ɗayan surukinta, ta riga ta yi wa ɗiyarta kamu. Yayata ta ce a bari su gama firamare tukuna.